Ƙaramar bindigar ɗauka a jiki: kurakuran da mazauna Amurka ke yi wajen zaɓe

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Bruen a watan Yuni na 2022, ta ce ɗaukar ƙaramar bindiga a wajen gida don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya bayar, jihohin da a da suke ƙiƙi-ƙaƙa wajen ba da lasisi dole suka sassauta. Zuwa 2024 jihohi 29 ma sun daina neman lasisin ɗauka gaba ɗaya, ciki har da Texas da Jojiya da Florida. Wannan ya sa 'yan uwanmu da ke can, masu shago da masu aikin dare da direbobi, suka fara tambayar wace bindiga ce abin dogaro. Maganar nan ta Amurka ce zalla. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗauri ne mai tsawo ke jiransa.

Kuskuren farko ba a kantin bindiga ake yin sa ba, tun daga gida ake fita da shi. Mutum ya ji an ce jiharsa ba a buƙatar lasisi, sai ya ɗauka shi ma an haɗa da shi. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardar zama riƙe bindiga ko harsashi, ta kuma hana wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi kamar mallakar lasisin farauta. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, zai iya saye, amma laifin bindiga na cikin laifuffukan da kan sa a kore shi daga ƙasar duk da katin. A wurin dillali mai lasisi za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun hukumar FBI, kuma sai ka cika shekara 21. Ƙarya a kan wannan fom babban laifi ne. Haka nan saya wa wani da sunanka, ko da ɗan uwa ne ciki ɗaya ya ce “don Allah yaya, taimaka mini, takarduna ba su fito ba”. Gyaran abu ne mai sauƙi: kuɗin awa ɗaya wurin lauyan da ya san dokar shige da fice da ta makamai, kafin ka taka ƙofar kanti.

Ƙaramar ba ita ce mai sauƙi ba

Sabon shiga yakan nufi mafi ƙanƙanta a cikin gilashin kanti, don yana tunanin ɓoyewa. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008, nauyinta bai kai giram 300 ba, tana shigewa aljihu ba wanda zai lura. Sai an je filin harbi ake gane abin da aka saya. Mariƙinta yatsu biyu kawai yake ɗauka, ƙaramin yatsa yana lilo a iska, saitinta ɗan mitsitsi ne, kuma duk harbi sai ta fizgi hannu sama, domin babu nauyin ƙarfen da zai shanye bugun. Bayan harsashi ashirin tafin hannu ya yi ja. Mai ita ba zai so komawa atisaye ba, kuma bindigar da ba ka son harbawa ba za ka taɓa iya ta ba.

Akwai wani abin da ya fi ciwon hannu. Fistol mai ɗana kanta da ƙarfin harbin take aiki: murfin sama ya zame baya, ya tofar da kwanson da aka harba, sannan sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗebo sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsashi. Don wannan ya yiwu, sai gangar jikin bindigar ta tsaya cak a hannu. Idan wuyan hannu ya yi laushi, ƙarfin da ya kamata ya tura murfin sai ya tafi wajen girgiza hannun, murfin ya kasa kai wa ƙarshe, kwanso ya maƙale a baki yana tsaye. Ƙananan bindigogi sun fi saurin yin haka saboda tafiyar murfinsu gajera ce. Sai ka ji mutum yana zagin kamfani, alhali wanda ke tsaye kusa da shi ya karɓi bindigar nan ya harbe magazin uku ba ta cije ko sau ɗaya ba. Ke nan bindigar lafiyarta ƙalau, hannun ne bai dace da ita ba, kuma a ranar tsoro riƙo ba ya ƙara kyau.

Kishiyar wannan shi ne wanda ya sayi babba mai nauyi, ya ɗaura ta mako guda, ƙugu ya yi tsami, ya jefa ta durowa. Tsakanin biyun ake samun abin da ya fi yi wa yawancin mutane. Glock 19, da kamfanin Ostiriya ya fitar a 1988, tana cin harsashi 15, hannu yana cika da ita, amma ɓoye ta a ƙarƙashin rigar bazara sai da dabara. SIG Sauer P365 ta 2018 ita ce ta canza kasuwar, da ta cusa harsashi 10 cikin jikin da a da shida ko bakwai yake ɗauka. Bayanta Springfield Hellcat da Glock 43X suka zo a 2019, Smith & Wesson Shield Plus a 2021. Ni a ganina duk waɗannan sun kai a dogara da su, kuma gardamar wacce ta fi a cikinsu ɓata yawu ne. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka ɗauki uku, ka harba akwatin harsashi 50 a tsakaninsu, ka duba takardar da ka harba. Hannunka zai gaya maka abin da mai kanti ba zai iya ba.

A nan ne magidanta ke yin wani kuskure na musamman. Maigida ya je shi kaɗai ya sayo wa uwargida 'yar libarba mara nauyi, irin Smith & Wesson 642 mai cin biyar, wai ita ce “ta mata”. Jan kunamarta ya kai kilo biyar, wato ninki biyu na Glock, kuma bugunta ya fi na manyan zafi. Libarba tana da amfaninta, ba ta damu da laushin wuyan hannu ba, amma sai ƙwararre ke samun saiti da ƙaramar. In jan murfin fistol ne ke ba ta wahala, akwai irin Shield EZ da aka yi da sifirin mai taushi. Ki je da kanki, Hajiya, ki gwada.

Gardamar girman harsashi kuwa an daɗe da wuce wurin. Bayan artabun Miami na Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu aka raunata biyar, hukumar ta ɗora laifi a kan harsashin milimita 9, ta koma na milimita 10, daga baya wani mai suna .40. Bayan kusan shekara talatin ta dawo kan 9, saboda an inganta ƙirar harsashin, kuma jami'anta sun fi samun saiti da shi. Ga shi ya fi araha, wanda ke nufin ƙarin atisaye.

Sabuwar fitowa da araha

“Araha ba ta ado,” in ji Hausawa, amma a harkar nan tsada ma ba ta ba da tabbas. Abin da ya fi cin mutane shi ne rige-rigen sayen ƙirar da ta fito jiya. Remington R51 ta fito a 2014 da talla mai yawa, cikin 'yan watanni kamfanin ya janye ta. Springfield ya kira XD-S a dawo da ita gyara a 2013. Ko LCP ɗin da aka ambata an yi mata kiranye a shekarar da ta fito. SIG ya yi wa P320 gyara kyauta a 2017 bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata fuska, kuma tun daga nan ake ta shari'o'i a kan zargin tana tashi ba a ja kunama ba, zargin da kamfanin ke musantawa. Ka bar ƙira ta yi shekara biyu a hannun jama'a tukuna. In ta hannu za ka saya, ka duba lambar jikinta a shafin kamfanin ka ga ko tana cikin waɗanda aka kira, ka kuma kai wa makanikin bindiga ya buɗe ta.

Sai masu kwaskwarima. An sayi bindiga mai aiki lafiya, an cire kunamar kamfani an sa mai laushi, an canza sifirin, an sayo magazin mai rahusa na wani kamfani daban. Galibin cijewar fistol daga magazin take farowa. Ka tsaya a kan na asali, ka rubuta wa kowanne lamba a gindi da fenti, ta yadda in lamba 3 ce ke kawo matsala za ka gane ka fitar da ita daga layi.

Mafi girman kuskuren duka shi ne a ɗura wa sabuwar bindiga harsashi daga akwati a ɗaura ta a ƙugu ba a gwada ba. Malaman harbi da yawa sukan ce a harba ɗaruruwan harsashin atisaye tukuna, sannan a bi da aƙalla akwati ɗaya ko biyu na ainihin wanda za a riƙa ɗauka. Dalili shi ne kan harsashin atisaye a mulmule yake, yana zamewa cikin sauƙi, shi kuwa na kare kai, irin Federal HST ko Speer Gold Dot, rami ne a kansa, kuma wata bindigar takan yi tuntuɓe da bakin ramin. Ka gwada da hannu ɗaya, ka gwada da na hagu. Jihar New Jersey tana da tsauraran ƙa'idoji a kan harsashi mai rami, New York da Kalifoniya kuma sun taƙaita magazin zuwa harsashi 10, don haka abin da abokinka na Houston a Texas ke ɗauka zai iya zama laifi a Bronx ta New York.

Kube, da kayan da muke sawa

A Nuwamban 2008 ɗan wasan ƙwallon Amurka Plaxico Burress ya soke Glock a ƙugun wando ba kube ya shiga gidan rawa a New York. Ta zame, ya kai hannu ya cafke ta, ya harbi cinyarsa, aka kuma yanke masa ɗaurin shekara biyu. Kube na ƙwarai mai tauri ne, an yi shi don ƙirar bindigarka ita kaɗai, ya rufe kunama ruf, bakinsa kuma ba ya rufewa in an zare. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, bar shi a kanti. Lokacin mayarwa cikin kube ne hatsarin ya fi yawa, domin gefen riga ko igiyar jaket kan shiga gaban kunama. Babu gaggawa a mayarwa: ka duba da idonka, ka janye rigar, ka mayar a hankali.

Mu kuma muna da tamu matsalar da mai kanti bai san da ita ba. Kube da bel mai ƙarfi yake aiki, wandon kaftani kuwa zariya gare shi. Ka rataya kusan kilo guda a kan zariya, sai ka ga ƙugun ya karkace, in ka fizgi bindigar kuben ya biyo ta. Kaftani mai kai wa gwiwa yana ɓoye komai da kyau, sai dai kafin ka tattare shi ka kai hannu an jima. Sai tela ya sa wa wandon madaukan bel, ko a ɗaura ɗamarar ciki da aka yi don haka, mai kube mai tauri a jiki. Ka sauke harsashi duka, ka kai su wani ɗaki, ka sake dubawa, sannan ka gwada zama a mota da sunkuyo da ruku'u da sujada. Abin da ya tsaya daram a tsaye yakan leƙo ko ya zame in goshi ya taɓa ƙasa. Game da masallaci kuwa, dokar da New York ta yi a 2022 ta sa wuraren ibada da jiragen ƙasa da Times Square cikin wuraren da aka hana, kuma ko a jihar da ba ta hana ba, kwamitin masallaci yana da ikon cewa a'a. Uber da Lyft dukansu sun hana direbobinsu ɗauka.

Jakar hannu ba wurin ajiya ba ne in akwai yara. A Disamban 2014, a wani kantin Walmart a jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya zuge jakar mahaifiyarsa ya harbe ta har lahira. Jakar an yi ta ne musamman don ɗaukar bindiga, an dai ajiye ta kusa da shi na ɗan lokaci. Mantuwa ma haka take: a 2023 hukumar tsaron filayen jirgin sama ta kama bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu, kusan duka a ɗure.

Sai ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai. Wasu jihohin, kamar Michigan da North Carolina, sun wajabta ka sanar da shi kana ɗauke da makami. Wani baƙar fata mai suna Philando Castile yana da lasisi, ya kuma sanar, amma ɗan sanda ya harbe shi a cikin motarsa a Minnesota a Yulin 2016. Baƙar fata mai baƙon harshe ya kwana da sanin wannan. Ka kashe mota, ka kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗi magana a natse, kada ka kai hannu aljihu sai an ce ka kai. Lasisin tuƙi da takardar inshora su zauna nesa da ɓangaren da bindigar take.

A gida, in ba a jikinka take ba, a akwatin ƙarfe mai kulle take. Cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe, don haka gidan da ke da matashi ko wani mai fama da damuwa ya ƙara tsananta kullen. Bindigar da ke manne da jiki kullum kuma tana shan gumi da ɓurɓushin yadi. Duk wata ka sauke ta, ka goge, ka ɗiga mai inda littafin kamfani ya nuna, ka duba ko kusoshin kuben sun saki. Harsashin da ka yi ta ɗanawa kana saukewa kansa yakan nutse cikin kwanso, ka jera shi da sabo a kan tebur, in ya fi guntu ka ware shi.