Darasi na Tara: Bidiyo Ya Ƙi Buɗewa, Wane Kodek Yake Nema?

Kusan kowa a ajin nan ya taɓa haɗuwa da wannan matsalar. An turo maka bidiyon bikin 'yarka, ko wa'azi, ko fim daga shagon masu turawa a waya, ka dawo gida ka danna sai allo ya yi baƙi ƙirin, murya na fita hoto babu, ko kuma hoto na tafiya mutane sai motsa baki suke amma shiru kake ji. Daga nan da yawa sai su ce fayil ɗin ya lalace su goge, wasu ma su koma shago ana ta cacar baki da yaron da ya tura. Toh galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, na'urarka ce ba ta iya karanta abin da ke ciki ba. Abin na yi min ciwo in ga dattijo ya goge bidiyon sunan jikansa a kan abin da minti biyu ya isa a gano.

Mu ɗauka an aiko maka da wasiƙa. Ambulan daban, rubutun ciki daban. In da ajami aka rubuta kai kuma boko kaɗai ka iya, ambulan zai buɗu ba gardama amma karatu ya tsaya cak. Haruffan nan na ƙarshen sunan fayil, mp4, mkv, avi, 3gp, su ne ambulan. Kodek kuma shi ne irin rubutun da ke ciki, wato hanyar da aka bi aka matse hoto da sauti don kar su cinye memori, kuma sai na'urar da ta san wannan hanyar ce za ta iya warware su. Sannan a ambulan ɗayan nan wasiƙa biyu ce, ta hoto da ta sauti, kowacce da nata kodek ɗin, shi ya sa ɗaya ke iya yin aiki ɗaya ta ƙi.

Ba sai kun haddace duka ba, kaɗan ne za ku riƙa cin karo da su. Wanda ya fi yawa shi ne H.264, ana kuma ce masa AVC, tun 2003 ya fito, kusan ba wayar zamani ko talabijin mai ramin filas da ba ta san shi ba. Ƙanensa H.265, wanda ake kira HEVC, ya zo a 2013, shi ne mai yawan jawo rigima. Yana matse fim ya koma wajen rabin girman na H.264 hoto kuma bai ɓaci ba, shi ya sa masu saka finafinai a intanet ke son sa, amma tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba su san da zamansa ba. In ka ga x265 a jikin sunan fim to shi ne. Wayoyin iPhone ma tun 2017 da shi suke ɗaukar bidiyo in ba a canza musu saiti ba. Akwai VP9 na Google da AV1 da ya fito a 2018, YouTube na amfani da su sosai. Sai Xvid na cikin avi, wanda tsofaffin na'urorin DVD masu karɓar filas suka saba da shi. A ɓangaren sauti AAC da MP3 ba sa ba da wahala, masu sa fim ya yi shiru a waya su ne AC3, EAC3 da DTS.

Yanzu yaya za a leƙa cikin ambulan ɗin? In akwai kwamfuta a buɗe bidiyon da manhajar VLC, kyauta ce, a danna Tools a sama a zaɓi Codec Information, ko a danne Ctrl da J tare. Za a ga Stream 0 da Stream 1, galibi na farko hoto ne na biyu sauti, a ƙarƙashin kowanne akwai layin Codec, sunan da ke gabansa shi muke nema. Wanda waya kawai gare shi ya sauke MediaInfo, ita ma kyauta ce tana nan a Android, ka nuna mata fayil ɗin ta zayyano maka komai, ka duba Format a ƙarƙashin Video da kuma Audio. Ka duba Bit depth ma, don in ta ce 10 bits wata na'urar ko ta san kodek ɗin sai hoto ya riƙa sarƙewa.

Da ka san sunan, magani ya zo da sauƙi. VLC tana zuwa da yawancin kodek a cikinta, sau da yawa buɗewa da ita kawai ya wadatar. A Windows 10 da 11 in HEVC ne ya ƙi, akwai HEVC Video Extensions a Microsoft Store, sai dai na kuɗi ne. In kuma a talabijin ɗin falo Hajiya ke son kallo, kuma talabijin ɗin irin wadda ba a saka wa manhaja ce, sai a juya bidiyon a kwamfuta da manhajar HandBrake ya koma H.264 da AAC cikin mp4. Mai iPhone ya shiga Settings, Camera, Formats ya zaɓi Most Compatible kafin ranar biki.

Abu biyu nake roƙonku don Allah. Kar a goge mkv a rubuta mp4 a ce an gyara, canza ambulan ba ya mayar da ajami boko. Kuma in wani shafi ya buɗo yana cewa sai ka sauke kodek ɗinsa kafin ka kalla, rufe shi, ta nan ake cusa wa mutane bairos.

Aikin gida: kowa ya zaɓi bidiyo uku a wayarsa, ya rubuta a littafinsa ambulan ɗin kowanne, da kodek ɗin hoto da na sauti. Wanda ke da bidiyon da ya ƙi buɗewa ya taho da shi darasi na gaba mu duba tare.