Yadda Ake Kwatanta Abu Biyu da Turanci

A Hausa "fi" ta ishe mu: Kano ta fi Zariya girma. A Turanci kuwa sifa, wato kalmar da ke siffanta abu, ita ce yawanci ke sauyawa.

Da farko ƙirga gaɓoɓinta. In ɗaya ce, liƙa mata -er: tall ta koma taller. Amma big sai an ninka g ɗin, bigger, kuma nan ɗalibai ke yawan zubar da maki.

In ta ƙare da y kamar happy, mai da shi i: happier.

Doguwa irin expensive kuwa, bar ta yadda take, sa more kafin ta.

Sai ka biyo da than, ba then ba.

Good da bad ba ruwansu da wannan doka: better, worse. Haddace su kawai, kuma kar ka kuskura ka ce more better.