Yadda Ake Zaɓen Sabon Rubutaccen Kiɗa da Shirya Shi wa Ƙungiyar Makaɗa

Duk mai jagorantar ƙungiyar makaɗa, ko badujalar makaranta ce, ko babbar okestira, ko ƙaramin rukuni na mutum huɗu ko biyar, yakan wayi gari takardun da ke cikin kabad sun gundure shi, sun gunduri makaɗansa, har masu sauraro ma sun haddace su. Kamfanonin ɗab'in kiɗa irin su Hal Leonard da Alfred Music a Amurka, da Boosey & Hawkes a Ingila, da Schott da Breitkopf & Härtel a Jamus, wanda aka kafa na ƙarshen a birnin Leipzig tun 1719, suna fitar da sababbin ayyuka kowace shekara, saboda haka abin saye bai yi ƙaranci ba. Wahalar tana wajen gano wanda ya yi daidai da mutanen da ke zaune a gabanka.

Matakin farko shi ne ƙidayar makaɗa, kuma a yi ta a rubuce tun kafin a buɗe kundin wani kamfani. A rubuta kayan kiɗan da ake da su da adadin masu riƙe da kowanne, sannan a faɗa wa kai gaskiya game da wanda hannunsa ya faɗa da wanda yake koyo. Ƙananan rukunai ba su da wannan damuwa sosai, domin tsarinsu sananne ne: rukunin tsirkiya na mutum huɗu ya ƙunshi biyolin biyu da biyola ɗaya da selo ɗaya, rukunin busa na mutum biyar kuma ya ƙunshi sarewa da obo da kilarinet da ƙahon Faransa da basun. Badujalar makaranta ce ke da rikici, don sau da yawa za a tarar da masu tirampet takwas alhali babu mai obo ko ɗaya. Idan haka lamarin yake, a nemi irin bugun da aka tsara kashi huɗu ko biyar, wanda kowane kashi kayan kiɗa iri-iri za su iya ɗaukarsa. Irin wannan tsari ya yaɗu sosai a 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa makarantu rage yawan masu zama a ɗaki guda, kuma amfaninsa bai ƙare da ƙarewar annobar ba.

Daga nan sai a duba matakin wuya. Kamfanoni da yawa, musamman na Amurka, suna sa wa kiɗan badujala lamba daga 1 zuwa 6, inda 1 take ta masu shekarar farko a koyo, 6 kuma ta ƙwararru. Lambar tana taimakawa, amma kowane kamfani da irin ma'auninsa, don haka abin da wani ya kira 2 wani zai iya kiransa 3. A ganina, jagora mai hankali yakan zaɓi abin da ƙungiyarsa za ta iya bi daga farko zuwa ƙarshe a zaman farko, ko da da tuntuɓe, domin kiɗan da ya fi ƙarfin makaɗa yana cinye lokacin atisaye wajen neman sautuka, a rasa lokacin gyara daɗinsa.

Mataki na uku shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A samu babbar takardar jagora, wadda ke jera layukan dukkan kayan kiɗa ɗaya bisa ɗaya, a karanta ta ana sauraron samfurin da kamfanin ya ɗauka, tunda yawancinsu suna ba da damar leƙa shafuka da jin sauti kafin saye. Kada daɗin samfurin ya ruɗe ka, domin galibi ƙwararru ne suka buga shi. Abin dubawa shi ne sauti mafi tsayi da aka rubuta wa tirampet da ƙaho, da ko yaranka suna kaiwa can ba tare da leɓensu ya gaji ba, da wuraren da aka bar wa mutum ɗaya ya yi shi kaɗai, da yawan masu ganga da ƙararrawa da ake buƙata a lokaci guda. Mawallafa masu sanin halin makarantu sukan rubuta layin obo ko basun da ƙananan alamomi a takardar wani kayan kiɗan, ta yadda idan babu mai shi wani zai maye gurbinsa, kuma samun wannan a cikin bugu alama ce ta aikin da aka yi da lura.

A nan ne kuma ake kula da kayan kiɗan da sautinsu ya saɓa da abin da aka rubuta musu. Idan mai kilarinet ko tirampet na B♭ ya busa sautin da ake kira C da ke takardarsa, abin da kunne ke ji shi ne B♭, wato taki ɗaya ƙasa. Saksafon alto na E♭ ne, ƙahon Faransa kuma na F, wato sautukan da ake ji kenan idan sun busa C. Wanda ya miƙa wa mai kilarinet takardar mai sarewa don cike gurbi, ba tare da an sake rubuta ta ba, zai ji hargitsi tun daga gaɓar farko. Manhajojin rubuta kiɗa irin su Sibelius da Dorico, da MuseScore wadda kyauta ce, suna yin wannan juyi cikin ɗan lokaci. Masu tsofaffin fayiloli a manhajar Finale su sani cewa kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024.

Sai batun haƙƙin mallaka. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka sa wa hannu, a yau tana kare aikin mawallafi tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun mai da shi 70. Sabon kiɗa kenan yana cikin kariya, kuma sayen kwafi ɗaya a yi ta fotokwafi ga mutum arba'in keta doka ne. Haka ma tsohon kiɗan da wani ya sake tsarawa kwanan nan, domin sabon tsarin yana da nasa haƙƙin. Manyan ayyukan okestira na zamani ma sau da yawa haya ake bayar da su, a mayar bayan wasa. Ga wanda ba shi da kuɗi akwai rumbun intanet mai suna IMSLP, da aka buɗe a 2006, mai tara ayyukan da wa'adinsu ya ƙare. Wajen yin oda a yi amfani da lambar ISMN, wato lambar shaidar kowane bugun kiɗa, mai lambobi 13 da ke farawa da 979-0, don kada a aiko da bugun okestira alhali na badujala ake so.

Idan takardun sun iso, kada a raba su ranar. A ƙirga kowane kaso a gwada da jerin da ke bangon babbar takarda, a sa wa kowace lamba, a rubuta sunan wanda zai karɓa. A tabbatar lambobin gaɓoɓi da haruffan atisaye na takardun makaɗa sun yi daidai da na jagora, in ba haka ba za a ɓata rabin zama ana neman inda za a fara. A okestira, shugaban masu biyolin ne ke sa alamun inda baka zai hau da inda zai sauka, sauran su kwafa daga gare shi, masu busa kuma a nuna musu wuraren shan numfashi. A duba ƙarshen kowane shafi, a ga ko akwai hutun da zai ba makaɗi damar juya takarda. Duk wannan da fensir ake yi, musamman a takardun haya, waɗanda kamfani kan ci tarar wanda ya ɓata su da biro.

A zaman farko, bayan an daidaita kayan kiɗa a kan sautin A, wanda ma'auninsa na duniya shi ne girgiza 440 a sakan ɗaya, a bi kiɗan gaba ɗaya da saurin da bai kai na ainihi ba, ba tare da tsayawa gyara ba. Jagora ya riƙe fensirinsa yana yi wa wuraren da aka watse alama, kuma daga waɗannan wurare ne za a fara atisaye na biyu.