Darasi na Bakwai: Tsallaka Layin Dogo a Cikin Birni

Manufar wannan darasi ita ce kowane ɗalibi ya san inda ake tsallaka layin dogo da yadda ake tsallaka shi, ya gane alamun da ake kafawa a wurin ko da bai iya karanta rubutun da ke jikinsu ba tukuna, sannan ya koya wa mutanen gidansa.

Jirgin da ya shigo cikin unguwa

Kakanninmu sun san jirgin ƙasa tun lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, amma wancan jirgi ne na dogon zango, wanda yake wucewa jefi-jefi, ana jin rugugi da odarsa tun yana nesa. Jirgin cikin birni dabam yake, domin yana kaiwa da komowa sau da yawa a yini ɗaya, kuma yana ratsa tsakiyar unguwanni da kasuwanni. A Abuja an ƙaddamar da irinsa a watan Yulin 2018, mai tashoshi 12, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai koma aiki ba sai watan Mayun 2024. Yana bi ta Idu da Gwagwa da Deidei da Kagini har Gbazango a Kubwa, wuraren da Hausawa da yawa suke neman abincinsu. A Legas kuma, Shuɗin Layi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumbar 2023, sannan Jan Layi mai tsawon kilomita 27 ya biyo baya a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana ratsa Agege inda 'yan'uwanmu suka daɗe da zama.

Abin da ya fi damuna game da layin Abuja shi ne shekaru huɗun nan da ya yi shiru. Layin da ba a ganin jirgi a kansa yakan koya wa ƙafa mugun sabo, har mutum ya mayar da shi hanyar yanke zuwa kasuwa ko wurin shan iska da yamma, kuma idan jirgin ya dawo, sabon ba ya tafiya da kansa.

Dalilin da jirgi ba ya tsayawa nan take

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, saboda haka a karanta shi sau biyu. Tayar mota roba ce, tana kama kwalta da zarar an taka birki. Tayar jirgi kuwa ƙarfe ce da ke gudu a kan ƙarfe mai santsi, ga kuma nauyin taragai suna turo shi daga baya. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a sa'a yakan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, jirgin birni mara nauyi sosai ma yana iya buƙatar kusan mita 180, wato tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi har da ɗoriya. Bayan haka, direban jirgi ba shi da sitiyarin da zai murɗa ya kauce wa mutum, inda layi ya nufa nan jirgi zai bi. Idan ya hango mutum a gabansa, abin da ke hannunsa shi ne ya danna oda ya ja birki, sauran kuma ya rage ga mai tsallakawa.

Ido ma yana yaudarar mutum a nan. Babban abu idan ya tunkaro ka kai tsaye, sai ka ga kamar rarrafe yake yi, kamar yadda jirgin sama yake zama tamkar ya tsaya cak a sararin sama lokacin da zai sauka. Don haka lissafin “zan riga shi wucewa” lissafi ne da aka gina a kan ƙaryar ido. A ranar 9 ga Maris 2023, wata bas ɗin ma'aikata ta shiga mararrabar layin dogo a yankin Ikeja a Legas jirgi yana tafe, jirgin ya kwashe ta, mutane shida suka rasu, wasu da dama suka jikkata.

A kuma lura cewa jikin jirgi ya fi layinsa faɗi. Tsakanin ƙarafa biyu na sabon layi bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma tarago yakan fito kusan mita guda ta kowane gefe. Mai tallar da ya shimfiɗa buhun tumatir a kan tsakuwar gefen layi yana ganin ya kauce, alhali yana cikin hanyar jirgi tsundum.

Inda ake tsallakawa, da yadda ake yi

Wuraren da aka tanada domin tsallakawa su ne gadar sama, da hanyar da ta bi ta ƙarƙashin layi, da mararrabar da aka shimfiɗa daidai da titi aka kafa mata alama. Ramin da wani ya huda a jikin shingen waya ba ƙofa ba ne, ko da mutum ɗari sun bi ta nan da safe. Na san hawan gadar sama da wuya ga mai ciwon gwiwa da mai kaya a ka, kuma ba na raina wannan wahala, amma wahala ce ta minti uku.

A mararraba, rubutun allo yawanci da Turanci yake, don haka a riƙe siffa da launi. Sanduna biyu da aka gicciya suna nufin layin dogo ya ratsa nan. Jar fitila mai walƙiya, ko ƙararrawa, ko sandar shinge da ta fara sauka, ko ma'aikaci mai jar tuta, duk maganarsu ɗaya ce: a tsaya. Ba a sunkuyawa a bi ta ƙarƙashin sandar, ba a kuma kewaya ta.

Kafin mutum ya ɗora ƙafa, sai ya tsaya bayan alamar, ya ajiye waya, ya cire abin sauraro daga kunne, ya dubi dama da hagu, ya sake duban dama. Mace mai hijabi ko mayafi ta juya kanta gaba ɗaya, domin gefen mayafi yana tare wutsiyar ido yana kuma rage ji. Haka ma mai rawani da mai hular sanyi a lokacin hunturu, lokacin da hazo yake ɓoye abin da ke nesa. Idan jirgi ya wuce, kada a ruga a bayan taragon ƙarshe, domin a wurin da layi yake biyu, jirgi na biyu yana iya tahowa daga ɗaya ɓangaren, ƙarar na farko ta rufe tasa. A jira har sanda ta ɗaga, fitila ta mutu, a sake dubawa, sannan a tsallaka kai tsaye da tafiya mai ƙarfi ba tare da gudu ba, a riƙe yaro a wuyan hannu, a tattare bakin babbar riga ko zane.

Masu kura da baro da keken guragu suna da wata matsala tasu. A gefen kowane ƙarfe na mararraba akwai tsaga wadda bakin tayar jirgi yake bi, kuma idan aka shigo a karkace sai ƙaramar taya ta faɗa ciki. Na taɓa gani da idona wani ɗan garuwa ya shigo da kurarsa cike da jarkoki, tayar hagu ta maƙale, ƙararrawa ta fara bugawa, shi kuwa ya duƙa yana ja yana kallon jarkokin, har sai da wani dattijo ya finciko shi ta wuyan riga yana cewa, “Yaro, bar ta, ruwa ne!” Kurar ta tafi, yaron yana nan. Saboda haka a shigo da taya a miƙe ta gicciye layin, idan kuma ta maƙale jirgi yana tafe, a bar kayan a nisanta daga layin ta wajen da jirgin yake fitowa, domin tarkacen da ya buga gaba yake watsa su. Haka kuma kada a taka wurin da layi ya rabu biyu, domin ƙarfen wurin yana motsi, daga nesa ake sarrafa shi, yana iya datse ƙafa.

Layin da ke ɗauke da wuta

Shuɗin Layin Legas da lantarki yake aiki, kuma wutar tana bi ne ta wani ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen layin, kusa da ƙasa. Wannan ƙarfe yana kisa ko babu jirgi a kusa, kuma ba a gane yana ɗauke da wuta da ido. Shuɗin Layin ba shi da wurin tsallakawa da ƙafa ta kan ƙarafansa ko kaɗan. A biranen da wutar take bi ta waya a sama kuwa, haɗarin yana kan mai ɗauke da dogon ƙarfe ko tsani ko gora. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, a kira ma'aikatan tasha su yanke ta, ko a buga lambar gaggawa ta 112.

A cikin tasha, a tsaya bayan layin da aka ja a bakin dandamali, wanda galibi rawaya ne. Idan waya ko takalmi ya faɗa kan layi, a gaya wa ma'aikaci, kada a sauka a ɗauko.

Aikin aji

Malami ya ja layuka biyu a ƙasa da gawayi ko toka, ɗalibai biyu su zama jirage masu zuwa daga ɓangarori dabam-dabam, sauran su gwada tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, wani da yaro a hannu, wata da tire a ka. Bayan haka kowa ya rubuta waɗannan kalmomi a littafinsa: tsaya, duba, saurara, jira. Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya ƙirga takun da ke tsakanin inda ya saba tsallakawa da gada ko mararraba mafi kusa, ya rubuto adadin da lambobi, ya kawo aji.