Yadda za ku ajiye furen kariya a gidan da ke da kyanwa

Kariya guba ce ga kyanwa, daga saiwarta har furenta. Ina nufin shukar nan mai kumburarren gindi da jan fure mai fari a tsakiya, wadda masu sayar da furanni ke jerawa cikin tukwane a bakin titi, masana kuma ke kira Adenium obesum. Dangin tumfafiya ce. Ruwan jikinta na ɗauke da sinadarai masu aiki irin na digoxin, maganin ciwon zuciya, shi ya sa mafarauta a sassan Afirka da dama suka daɗe suna shafa shi a bakin kibiya. Babbar kyanwa ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 5 ba, don haka abin da zai birkita bugun zuciyarta ba shi da yawa.

Ina da kariya a gidana, ina kuma da kyanwoyi, kuma ban ga dalilin rabuwa da ɗayansu ba. Ga yadda nake yi.

Tukunyar ba ta zama a falo ko tsakar gida. Ɗora ta kan tebur ko katanga ba dabara ba ce, ai kun san babu inda kyanwa ba ta hawa. Kariyar tawa tana bayan gida inda rana ke duka sosai, a wani lungu da na kewaye da ragar waya har sama. Dama kariya rana take so, zaman ɗaki ba ya karɓarta.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faɗowa ƙasa. Ruwan kariya na da ɗaci, babbar kyanwa ba ta cika cin ganyen da yawa ba. Amma da hunturu shukar takan zubar da ganye, iska ta riƙa kaɗa shi da busassun furanni, 'yan kyanwoyi kuwa duk abin da ya motsa sai sun cafke shi da baki. Ku share wurin kullum da safe, a ƙulle sharar a leda. Ranar da za ku datse rassa, ku rufe kyanwa a ɗaki, ku sa safar hannu, ku wanke almakashin da daɓen da ruwan ya ɗiga. Idan ta taka shi, za ta lashe ƙafarta, kyanwa ba ta barin datti a jikinta.

Ku ba ta abin tauna nata. Ina shuka alkama a tsohon kwano, cikin mako guda ta yi tsiron da za ta ci. Kada ku sa dawa a madadinta: sabon tsiron dawa na da guba, makiyaya sun san yana kashe shanu.

To idan ta riga ta ci kariyar fa? Alamun su ne dalalar miyau, amai, zawo, ƙin abinci, kasala, sai bugun zuciya ya rikice, ya yi sauri ko ya ragu. Kada ku jira su bayyana. Ku cire abin da ya rage a bakinta, ku goge baki da ƙafafu da jiƙaƙƙen tsumma, ku ɗauki ganyen ko hotonsa, ku lura da lokacin da ta ci, ku nufi likitan dabbobi. Wanda ke Zariya, Sakkwato ko Maiduguri yana da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'a. Can za a duba zuciyarta, a yi mata ƙarin ruwa, a ba ta gawayin asibiti mai riƙe guba a hanji.

Don Allah kada ku ɗura mata manja ko madara. Na san haka muka taso muna gani, amma ba sa karya wannan gubar, kuma ɗure na iya sa abin ya bi ta huhu. Kada a sa ta amai da ruwan gishiri. Farasitamol kuwa ko rabin ƙwaya na iya kashe kyanwa.

Kafin ku sayi wani furen, ku ɗauki hotonsa da manhajar Google Lens mai gano abu daga hoto ku samo sunansa na kimiyya, sannan ku duba shi a jerin tsirrai masu guba na ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, wato ASPCA. Sunan da mai sayarwa zai faɗa bai isa ba, don furanni da yawa suna amsa suna ɗaya. Ainihin lili, wato jinsin Lilium da ake sawa cikin damin furen biki, shi kam ba na barin ya shigo gidana ko na yini ɗaya: garin furensa ko ruwan kwalbar da aka tsoma shi ya isa ya kashe ƙodar kyanwa cikin kwana 3. Wardi ba shi da guba gare ta, ƙayarsa kawai za ku kula da ita.