Kurakuran da aka fi yi game da wiskin "single malt" na Skotland

Kalmar "malt" ce kan fara ruɗa mutanenmu, don mun saba jinta a jikin Maltina. Na ga wanda ya ɗauki kwalba a shagon filin jirgi yana cewa ai lemo ne na masu kuɗi. Barasa ce tsantsa, kuma doka ta hana ƙarfinta ya gaza kashi 40 cikin ɗari. "Malt" sha'ir ne da aka jiƙa ya yi tsiro, aka busar, kamar yadda masu burukutu ke tsirar da dawa. Bambancin shi ne su can Skotland ba sa tsayawa a ruɓawa. Sai sun tafasa ruwan a manyan tukwanen jan ƙarfe sun tara tururin, galibi sau biyu.

Ita kuma "single" ba ganga ɗaya take nufi ba. Masana'anta ɗaya ce. Ana iya haɗa ganguna ɗari a kwalba guda, muddin gida ɗaya ya dafa su. Dokar Birtaniya ta 2009 ta fayyace: sha'ir da ruwa da yis kawai, a Skotland, sannan a ajiye a gangar katako aƙalla shekara uku.

Lambar jikin kwalba ma ana yi mata gurguwar fahimta. In an rubuta 12, shekarun mafi ƙuruciya a haɗin ke nan. Kuma da an zuba a kwalba, tsufa ya tsaya cak, ko ta yi shekara talatin a kabad 12 ɗin ce dai. A ganga ake girma, inda wajen kashi 2 cikin ɗari ke bin iska duk shekara, suna kiransa rabon mala'iku.

Launi kuwa kada a rantse da shi. Fari tas wiskin yake fitowa daga tukunya, ganga ce ke rina shi: wadda ta taɓa ɗaukar sherry, giyar inabi ta Sifen, kan ba da ja-ja, ta bourbon, wiskin Amurka, ruwan zuma. An kuma halatta ɗiga launin ƙonannen sukari, don haka duhu ba shaidar tsufa ba ce.

Ba kowanne ke warin hayaƙi ba. Hayaƙin daga wata baƙar ƙasar fadama yake, da ake sarewa a shanya, a ƙona ƙarƙashin sha'ir. Tsibirin Islay ya yi suna a nan, gidajen Laphroaig da Ardbeg. Yawancin na yankin Speyside ba ruwansu da shi.

Masu cewa tun asali sana'ar manya ce su ma sun yi kuskure. Rubutu mafi tsufa na 1494 ne, a kundin baitulmalin sarki, da sunan wani malamin coci, John Cor. Daga baya haraji ya kora manoma cikin duwatsu suna dafawa a ɓoye, sai dokar 1823 ta sauƙaƙa lasisi. George Smith, mai masana'antar Glenlivet, ya karɓi nasa a 1824, maƙwabta 'yan sumoga suka sha alwashin ƙona masa wuri, ya koma yawo da bindiga biyu a ƙugu.