Kurakuran da ke cinye wa masu neman shaidar BCBA awanninsu

Duk shekara sai an samu masu koyon aikin nazarin ɗabi'a da suka gama digiri na biyu, suka daɗe suna fama da yara masu larurar otizim, amma ranar haɗa takardu a tarar ɗaruruwan awannin da suke taƙama da su ba sa shiga lissafi. Hukumar BACB da ke jihar Kolorado a Amurka, wadda ke ba da shaidar BCBA ta ƙwararren mai nazarin ɗabi'a, ba ruwanta da wahalar da mutum ya sha. Takarda take karantawa. Abin haushin shi ne kurakuran ba sababbi ba ne, su ne dai ake ta maimaitawa.

Akwai wanda ya kamata a fara kawarwa. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar ta daina karɓar sababbin masu nema daga mafi yawan ƙasashen duniya, ciki har da Najeriya da Nijar da Gana. Wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi yana biyan wani a Amurka dala don ya sa masa ido ta bidiyo, da niyyar miƙa takarda daga gida, ya dakata. Ya duba hukumomin da ke karɓar 'yan ƙasashen waje, irin su IBAO da QABA, kowace da nata sharuɗɗan. Sauran maganar ta mazauna wuraren da hukumar ke karɓa ce, irin su Amurka, kuma bisa dokokin da suka fara aiki a 2022.

Hanyar tara awannin horo a ƙarƙashin mai sa ido biyu ce. Ta yau da kullum awa 2,000 ce, kashi 5 cikin ɗari na awannin kowane wata tare da mai sa ido, da ganawa huɗu a wata. Mai tsanani awa 1,500 ce, kashi 10 cikin ɗari, da ganawa shida. A dukansu ba a ƙasa da awa 20 a wata, ba a wuce 130, dole mai sa ido ya kalle ka kana aiki da wanda ake yi wa hidima aƙalla sau ɗaya a wata, kuma a kammala komai cikin shekara biyar a jere.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar aikin albashi a matsayin aikin horo. Yawancin masu koyo suna riƙe da shaidar RBT ta mataimakin da ke aiwatar da tsarin da BCBA ya rubuta, suna wuni a kan ƙaramin tebur da yaro: a ɗora kati uku, a ce "nuna mini kofi", ya nuna, a yaba masa, a rubuta, a sake. Aiki ne mai kyau, amma hukumar ta ƙayyade shi. Duk abin da kake aiwatarwa kai tsaye a kan yaro bisa tsarin da aka riga aka rubuta ba zai wuce kashi 40 cikin ɗari na jimillar awanninka ba. A hanyar 2,000, awa 800 ke nan, ko ɗaya ba za a ƙara ba. Sauran 1,200, wato kashi 60, dole su fito daga aikin tsarawa, irin aikin da BCBA yake yi: binciken dalilin da ke sa ɗabi'a take faruwa, gwajin gano abin da yaro ya fi so, rubuta tsari da gyara shi, zana alƙaluma a jadawali da fassara su, horar da iyaye da ma'aikata, karanta binciken masana a kan matsalar wani yaro takamaimai da ke hannunka.

Ka yi lissafin da kanka. Mai yin awa 30 a mako gaba da gaba da yara zai cike awa 800 ɗin nan cikin wata bakwai. Daga nan duk awar da ya ƙara a kan teburin, albashi ya samu, horo bai samu ba. Sai a wayi gari yana da 1,600 na aikin teburi, 300 na aikin tsarawa, yana cewa saura ɗari ya gama, alhali saura ɗari tara. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba a auna kashi 60 ɗin wata-wata, a kan jimilla ake aunawa, don haka babu abin da zai yi maka ƙararrawa. Fom ɗin tabbatar da awanni na wata zai fita lafiya lau har sau goma sha biyar, ramin yana ta zurfi.

Kuma kada a ɗora wa wurin aiki laifin duka. Cibiya kamfanin inshora ne ke biyanta kan awannin da ka zauna da yaro, ba za ta zo da kanta ta ce ka bar teburin ka je ka zana jadawali ba. Kai ne za ka nema, tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya: awa nawa a mako za a ware mini don aikin tsarawa, kuma a rubuta. Ni abin da nake sa masu koyo su yi shi ne daga wata na uku kada wata ya rufe ba tare da awannin tsarawa sun kai rabi ba, daga wata na shida kuma su rinjaya. Wasu masu sa ido sun fi son a fara da aikin kai tsaye zalla har hannu ya faɗa, suna da hujjarsu. Ni dai na ga inda jinkirin ke kai mutane.

Idan abin ya zo ƙarshe, sai a koma cike gibi da ƙarya mai kama da gaskiya. Sauraron shirin rediyon intanet a mota a rubuta awa biyu. Aikin gida na jami'a a rubuta bincike. Taron ma'aikata kan jadawalin hutu, kwas ɗin taimakon gaggawa, cike takardun neman kuɗi daga inshora, tuƙi daga gidan wannan yaro zuwa na wancan, yanke katuna da manna musu leda: babu ɗaya da ke shiga. Haba! Wanda bai taɓa zama da alƙaluman mako uku ya lura cewa kukan yaro yana ƙaruwa ne duk sanda aka karɓe masa kwamfutar hannu ba tare da gargaɗi ba, ya canja tsari, ya ga layin ya sauko, me zai yi ranar da aka damƙa masa yara goma sha biyu da ma'aikata shida? Jarrabawa ana iya haddace ta. Wannan ba a haddace shi.

Na biyu a tsada shi ne mantawa cewa kowane wata da kansa yake tsayawa. Ba a ranto daga watan gaba, ba a biyan bashin watan baya. Misali ka tara awa 120 a Maris a hanyar yau da kullum, kana buƙatar awa 6 tare da mai sa ido, amma 4 kuka yi saboda ya yi tafiya. Awa 4 kashi 5 cikin ɗari ne na 80. To 80 za ka rubuta, 40 sun tafi, ko da kun yi awa goma a Afrilu. Idan ganawa biyu kuka yi maimakon huɗu, rabin awannin ne ke tsira. Idan kuwa bai kalle ka da yaro ko sau ɗaya ba, watan gaba ɗaya ya faɗi. Haka wanda ya tsaya a awa 19.

Zaman rukuni ma yana da tarko. Ba ya wuce mutum goma, kuma awanninsa ba za su fi na ganawar kai kaɗai da mai sa ido yawa ba. Wanda ya yi awa 4 a rukuni da awa 2 shi kaɗai yana ganin yana da 6, amma 4 gare shi, domin sai an datse na rukunin ya daidaita da ɗayan. Ga shi ya koma kan 80 ɗin nan. Saƙon waya da imel kuwa, komai tsawonsu, ba ganawa ba ne. Sai an yi magana kai tsaye, ido da ido ko ta bidiyo.

Sai fom ɗin tabbatarwa na wata. Dole ku biyun ku sa masa hannu kafin ƙarshen watan da ke biye: na Maris, 30 ga Afrilu ne iyakarsa. Ya wuce haka, awannin sun mutu. A nan ne kunya take kashe mutane. Mai koyo yana jin nauyin tuna wa babba, mai sa ido yana cewa "bari mu haɗa su gaba ɗaya", wata uku su shige, sannan ya bar aiki ya koma wata jiha. Wasu sai su sa tsohuwar rana a fom ɗin. Wannan ƙarya ce a takardar hukuma, kuma tana iya cin shaidar mai sa idon, ta hana kai samun taka. Wanda ke jin nauyin neman sa hannu, da wane baki zai gaya wa uban yaro cewa tsarin da ake bi a gida ne ke ƙara matsalar?

Maganina mai sauƙi ne, kuma ba na sassauta shi. Kallon aiki da yaro a makon farko na wata ake yinsa, domin yaro na iya kwanta rashin lafiya a mako na huɗu. Ranar 20 ga wata a buɗe lissafi a ga ko kason ya kai, saura kwana goma na gyara. Fom kuma a sa masa hannu a ganawar farko ta sabon wata, kafin a buɗe kowace magana. Rajistar awanni a cike ta a ranar, ba ranar Lahadi da dare daga ƙwaƙwalwa ba, kowane layi da kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, irin aikin, da sunan mai sa ido. "4 ga Maris, 2:00 zuwa 3:15, zana alƙaluman cizon hannu na yaro A da kwatanta su da makon jiya, aikin tsarawa." Wanda ya rubuta "aiki, awa 3" bai rubuta komai ba. Sunan yaro na gaskiya kuma ba ya shiga rajista.

Ragowar ƙanana ne, amma suna cizo. Awar da aka yi kafin sa hannu a yarjejeniyar sa ido, ko kafin ka halarci ajin farko na kwas ɗin da hukumar ta amince da shi, ba ta lissafuwa. Ka duba sunan mai sa idonka a rajistar BACB ka tabbatar shaidarsa na aiki kuma ya yi horon sa ido na awa 8. Idan bai cika shekara da samun BCBA ba, dole shi ma yana da mai ba shi shawara duk wata. Ɗan'uwanka, ko wanda ke ƙarƙashinka a wurin aiki, ba ya sa maka ido, ko da yake biyan mai sa ido na waje kuɗin aikinsa halal ne. Ɗanka ko ƙanenka ba ya zama wanda kake tara awanni a kansa, kuma yaro ɗaya tilo daga farko har ƙarshe bai isa ba. Kada a ɗauki bidiyon yaro don mai sa ido ba tare da rubutaccen izinin iyaye da na wurin aiki ba.

Masu rububin hanya mai tsanani don su gama cikin wata 12 maimakon 16 su sani cewa awa 130 a wata na nufin awa 13 tare da mai sa ido, kuma ba kowane ne ke da wannan sararin ba. Ana iya gauraya hanyoyin biyu, a ninka awannin mai tsanani da 1.33 a haɗa su kai 2,000.

Duk sanda za ka rabu da mai sa ido, ko da faɗa kuka yi, karɓi fom ɗin ƙarshe da sa hannunsa kafin ka fita ƙofa. Ka ajiye yarjejeniya da rajista da duk fom ɗin wata har shekara bakwai, a ma'ajiyarka ta kanka, domin imel ɗin wurin aiki ranar da ka ajiye aiki ake rufe shi, hukumar kuma tana iya neman takardun don bincike. Wanda zai miƙa takardar nemansa daga 1 ga Janairu 2027 kuma sababbin dokoki ne za su hau kansa: iyakar wata ta koma awa 160, kason hanya mai tsanani ya sauko zuwa 7.5 cikin ɗari, kallon aiki kuma da minti za a auna shi, 60 a hanyar yau da kullum, 90 a mai tsanani. Ranar miƙa takarda ce ke yanke dokar da za a yi maka hukunci da ita, ba ranar da ka fara tara awanni ba, don haka wanda horonsa zai ratsa shekarun biyu ya zauna da mai sa idonsa tun yanzu su tsara watanninsa yadda za su cika sharuɗɗan duka biyun.